Alhaji Umaru na Kete-Krachi (1858–1934) da Matsayinsa a Tarihin Rubutun Zube na Hausa

1.0 Gabatarwa

Idan aka tambayi ɗalibin Hausa lokacin da rubutun zube ya fara, amsar da ya fi saurin bayarwa ita ce shekarar 1933. A wannan shekara ce Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta shirya gasar da ta haifar da littattafai irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Amsar daidai take idan ƙagaggen labari cikin boko ake nufi. Sai dai zube ya fi ƙagaggen labari faɗi, domin ya ƙunshi tarihi da bayanin sana'o'i da al'adu da wasiƙu. Kimanin shekara 30 kafin gasar Zariya, wani malami Bahaushe da ke zaune a bakin kogin Volta, cikin ƙasar da ake kira Gana a yau, ya riga ya cika shafuka masu ɗimbin yawa da irin wannan rubutu cikin ajami. Wannan malami shi ne Alhaji Umaru ɗan Abubakar, wanda ake kira Imam Umaru ko Alhaji Umaru Karaki.

Wannan takarda za ta kawo taƙaitaccen tarihin rayuwarsa, sannan ta duba waƙoƙinsa da zubensa, ta kuma bayyana dalilin da ya sa aikinsa ya daɗe yana yawo ƙarƙashin sunayen wasu mutane.

2.0 Asalinsa da Karatunsa

An haifi Umaru a birnin Kano wajen shekarar 1858. Mahaifinsa Bakabe ne, wato asalinsa daga ƙasar Kabi. Wannan ya sa a rubuce-rubucensa na Larabci ake samun sunansa tare da laƙabi uku: al-Kabawi da al-Kanawi da al-Salgawi, ma'ana mutumin Kabi da Kano da Salaga. Laƙabin nan uku sun taƙaita rabin rayuwarsa. Mahaifinsa, Abubakar, malami ne kuma farke, yana cikin masu fataucin goro zuwa Gwanja.

Umaru ya yi karatun allo a Kano, ya sauke Alƙur'ani, sannan ya shiga karatun ilimi kamar yadda aka saba a lokacin: fiƙihu da nahawu da lugga da tafsiri da waƙoƙin Larabawa. Neman ilimi ya kai shi ƙasashen Sakkwato da Gwandu da Kabi, ya kuma ratsa ƙasar Zabarma da ta Mosi da ta Gurunsi. Tun yana saurayi, a shekarar 1877, ya wallafa wani ɗan littafi na Larabci a kan ƙa'idojin rubuta wasiƙa, mai ɗauke da samfurori da marubuci zai bi. Littafin ya yaɗu a hannun malamai, musamman masu rubuta wa sarakuna da fatake takardu. Wannan aiki na farko ya nuna halin da ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa, wato mayar da hankali ga rubutun da ke biyan bukatar mutane ta yau da kullum.

3.0 Hanyar Gwanja

Ba za a fahimci yadda malamin Kano ya ƙare a bakin Volta ba sai an san fataucin goro. Goron da ake ci a ƙasar Hausa a ƙarni na 19 yawancinsa daga kurmin Asante yake fitowa, ƙasar mutanen da Hausawan da ke kira Tonawa. Sarakunan Asante ba su yarda baƙi su shiga kurmi su saya ba, don haka sai a kawo goron kasuwar Salaga ta ƙasar Gwanja, can fatake ke samunsa. Ayari kan tashi daga Kano ko Sakkwato ƙarƙashin madugu, ya haye kogin Kwara, ya bi ta Borgu da Jugu da Sansanne Mango da Yandi, kafin ya isa Salaga. Tafiya ce ta watanni. Fatake na kai kanwa da tufafi da fatu da dabbobi, kuma a wancan zamani har da bayi, su komo da goro a kan jakuna.

Duk inda ayari ya saba yada zango, a hankali sai wurin ya zama unguwa, da masallaci da makarantar allo da mahauta da masu masauki. Daga nan kalmar zango ta sami ma'anar da take da ita a Gana da Togo da Benin har yau, wato unguwar baƙi Musulmi. Harshen da ya haɗa mazauna zango, ko Hausawa ne ko Barebari ko Yarbawa ko Zabarmawa ko Wangarawa, shi ne Hausa.

Umaru ya zauna a Salaga a farkon shekarun 1890, ya kafa makaranta. Amma ya tarar da garin ya fara ja da baya. Tun 1874, lokacin da sojojin Ingila suka ci Kumasi, Gwanjawa suka fita daga ikon Asante, su kuwa Asante suka karkatar da goronsu zuwa wasu kasuwanni. A 1892 kuma yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin gidajen sarautar Gwanja, garin ya watse, fatake da malamai suka bazu. Umaru ya wallafa waƙar Larabci a kan wannan bala'i. A 1896 ya koma Kete, wato zangon garin Krachi, inda ciniki ya riga ya koma, inda kuma Jamusawa suka kafa barikinsu shekara biyu kafin nan.

4.0 Liman a Ƙarƙashin Jamus

A Kete an yi jayayya kan wanda ya cancanci limanci. Jami'in Jamus da ke riƙe da garin ya raba gardamar ta hanyar gwada ilimin masu nema, Umaru ya yi rinjaye, aka naɗa shi liman. Ya riƙe wannan matsayi tare da koyarwa, almajirai na zuwa gare shi daga zanguna daban-daban. Da yawa daga cikinsu sun zama limamai da malamai a garuruwan Gana da Togo.

Tun a Salaga ya san wani Bajamushe mai binciken harsuna, Gottlob Adolf Krause, wanda Hausawa ke kira Malam Musa. Amma wanda ya fi tasiri a tarihin rubutunsa shi ne Adam Mischlich. Mischlich ya zo Afirka a matsayin ɗan mishan, daga baya ya shiga aikin gwamnatin Jamus ta Togo, aka ba shi riƙon Kete-Krachi. Ya zama ɗalibin Umaru a fannin Hausa, ya kuma roƙe shi ya riƙa rubuta masa abin da ya sani game da ƙasar Hausa da mutanenta. A cikin waɗannan shekaru ne Mischlich ya fitar da littafin koyon Hausa a 1902 da ƙamus na Hausa da Jamusanci a 1906.

A 1913 Umaru ya tafi aikin hajji. A Madina ya sadu da Alfa Hashim, ɗan ɗan'uwan Shaihu Umarul Futi, ya karɓi ɗarikar Tijjaniyya a hannunsa. Ba da daɗewa ba duniya ta sauya: a 1914 Ingila da Faransa suka ƙwace Togo daga hannun Jamus, Kete-Krachi ta faɗa rabon Ingila. Ya ci gaba da limanci da karantarwa a ƙarƙashin sababbin masu mulki har rasuwarsa a 1934, shekarar da littattafan gasar Zariya suka fara fitowa.

5.0 Waƙoƙinsa

A zanguna an fi sanin Alhaji Umaru da waƙa. Ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa, bisa karin Larabci da amsa-amo, kamar yadda malaman ƙarni na 19 suka gada. Abin da ya bambanta shi da yawancinsu shi ne jigo. Waƙoƙin masu jihadi sun fi karkata ga wa'azi da madahu da furu'a, shi kuwa ya ƙara da abubuwan da ke faruwa a gaban idonsa.

Babban misali shi ne zuwan Turawa. Ya yi waƙoƙi biyu na Larabci a kan wannan batu a 1899 da 1900, sannan ya yi ta Hausa, Waƙar Nasara, a 1903, shekarar da Kano da Sakkwato suka faɗa hannun Ingilishi. A cikinta ya bi ƙasashe ɗaya bayan ɗaya yana ambaton sarakuna da mayaƙan da aka karya, yana nuna yadda baƙin suka fara shigowa da lalama da sunan ciniki kafin su nuna ƙarfi. Waƙar tana da muhimmanci ga masu tarihi domin ta nuna yadda wanda aka ci da yaƙi ya ga al'amarin a lokacin da yake faruwa, kuma ta dubi Afirka ta Yamma gaba ɗayanta, abin da sai mutumin da ya yi yawo irin nasa zai iya.

Waƙar Talauci da Wadata kuwa hoton zaman jama'a ce. Ta kwatanta yadda ake wulaƙanta matalauci ko da yana da gaskiya da asali, da yadda ake girmama mawadaci ko da ba shi da su. Haka kuma ya yi waƙa a kan annobar mura ta 1918, wadda aka yi wa laƙabi da Tunkuyau, inda ya bayyana alamomin cutar da yadda ta kwantar da mutane. Ya kuma yi wata a kan wani mai wa'azi da ya bayyana a yankin a farkon ƙarni na 20 yana da'awar abin da malamai ba su yarda da shi ba.

Akwai wani aiki nasa da ya kamata ɗalibin fassara ya sani. Alhaji Umaru ya mayar da waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi, shahararren mawaƙin Larabawa na zamanin jahiliyya, zuwa Hausa. R. S. Rattray, jami'in Ingila mai binciken al'adu wanda shi ma ya yi karatu a wurinsa, ya buga wani ɓangare na wannan fassara a 1934. Malamai sun saba fassara irin waɗannan waƙoƙi da baki a zaure, kalma bayan kalma, amma sanya fassarar a takarda abu ne da ba a cika yi ba a lokacin.

6.0 Zubensa

A al'adar malaman ƙasar Hausa ta ƙarni na 19 akwai rabon aiki tsakanin harsuna. Littafin ilimi da tarihi da wasiƙar sarki da Larabci ake yin su. Hausa da Fulatanci kuwa na waƙa ne, domin waƙa ce ake haddacewa a rera wa waɗanda ba su iya karatu ba. Shi ya sa waƙoƙin ajami suka yi yawa, zuben ajami ya yi ƙaranci. Zuben Hausa da aka buga kafin wannan lokaci yawancinsa daga baki aka ɗauke shi. Misali, labarin Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da ya bi Heinrich Barth zuwa Turai, faɗa ya yi J. F. Schön ya rubuta, aka buga a 1885.

Alhaji Umaru shi ya riƙe alƙalaminsa, shi ya tsara bayaninsa. Abin da ya rubuta wa Mischlich ya kasu gida biyu. Kashi na farko tarihi ne: tarihin Kabi, da na wasu ƙasashen Hausa, da na maƙwabta, har da labarin kafuwar sarautar Ilori. Kashi na biyu bayanin rayuwa ne: noma da amfanin gona, kiwo, saƙa da rini da ƙira da jima, kasuwa da fatauci, aure da haihuwa da mutuwa, sarauta da bauta, karatu da addini. Duk wanda yake son sanin yadda ake haɗa ayari, ko yadda bawa ke zaune a gidan ubangijinsa, ko matakan da yaro ke bi daga allo zuwa littattafai a ƙarni na 19, zai sami bayani daga bakin wanda ya gani.

Akwai dalilin da ya sa wannan zube ya zama taska. Bahaushe ba ya yi wa Bahaushe bayanin yadda ake zanen suna ko yadda ake tsaga tsamiya a marina, domin kowa ya sani. Da yake baƙo Umaru yake rubuta wa, dole ta sa ya faɗi abin da ba a saba faɗa ba, ya ambaci sunan kowane kayan aiki, ya jera matakai bi da bi. Yau da yawancin waɗannan sana'o'i da al'adu suka sauya, Bahaushen wannan zamani ya zama kamar wancan baƙo, bayanin da aka yi domin Bajamushe shi yake yi wa amfani.

Sai dai mai karatu ya riƙe abubuwa biyu a zuciya. Na farko, tambayoyin daga jami'in mulkin mallaka suka fito, don haka abin da aka zaɓa a rubuta yana bin bukatar mai tambaya. Na biyu, marubucin malami ne, namiji, ɗan gidan fatake, kuma Bakabe. Kabawan Argungu sun shafe mafi yawan rabin ƙarni na 19 na biyu suna yaƙi da Gwandu da Sakkwato. Tarihin da ya fito daga hannun Bakabe ba zai zama daidai da wanda ya fito daga fadar Sakkwato ba, kuma amfaninsa ke nan: yana ba da damar a gwada riwaya da riwaya.

Wasu na ganin saɓani a rayuwarsa, wato mutum ya yi waƙar baƙin cikin zuwan Nasara, kuma ya zauna yana koya wa jami'insu harshe. Wannan hali ba nasa ba ne shi kaɗai. Bayan 1903 malamai da yawa sun fuskanci zaɓi tsakanin hijira da yaƙi da zama a ƙarƙashin baƙi don tsare addini da jama'a. Alhaji Umaru yana cikin waɗanda suka zauna. Waƙoƙinsa ya yi su domin 'yan'uwansa Musulmi, zubensa kuwa domin mai tambaya, kuma sai an karanta duka biyun ake ganin mutumin gaba ɗaya.

7.0 Abin Lura Game da Ajaminsa

Ɗalibin da ya saba da boko zai gamu da wasu bambance-bambance idan ya ɗauki rubutun ajami na wancan zamani. Ajami yakan nuna tsawon wasali ta hanyar ƙara alif ko wawu ko ya, abin da daidaitaccen boko ba ya nunawa. Ta wannan fuska ana iya bambanta gari na mutane da gari na tuwo a ajami, alhali a boko rubutunsu ɗaya ne. Wasalin e ana nuna shi da ɗigo a ƙarƙashin harafi, bisa al'adar riwayar Warshu da ake karatun Alƙur'ani da ita a Afirka ta Yamma. Baƙin ƙ yana da harafinsa dabam da na k, haka ɗ dabam da d. Amma b da ɓ sau da yawa harafi ɗaya ake ba su, kuma gajeren o da u sukan zo da alama ɗaya. Karin sauti kuwa, ajami da boko duk ba su nuna shi. Tun da babu hukumar da ta daidaita ajami a lokacin, kowane malami yana da 'yan dabarunsa, sai mai karatu ya saba da hannun marubuci kafin karatu ya miƙe masa.

8.0 Yadda Aikinsa Ya Iso Gare Mu

Mischlich ya tafi da takardun Jamus. Ya buga wasu da fassarar Jamusanci a wata mujallar nazarin harsuna ta Berlin daga 1907 zuwa 1909, ya kuma fitar da littafi a 1942 a kan noma da sana'a da ciniki a tsakiyar Sudan, wanda rubutun Umaru ne ginshiƙinsa. A bangon waɗannan ayyuka sunan Mischlich ne ke sama. Daga baya Heinz Sölken ya buga tarihin Kabi. A 1973 Douglas Ferguson ya rubuta kundin digiri na uku a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, inda ya fassara bayanin Umaru na ƙasar Hausa zuwa Ingilishi, ya kuma sa sunansa a kan aikin. Stanisław Piłaszewicz na Jami'ar Warso ya buga waƙoƙinsa na Hausa tun shekarun 1970, sannan a 2000 ya fitar da tarin zubensa na ajami. A Gana kuma, Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Legon ta tattara kofen waƙoƙinsa daga hannun malaman zanguna tun farkon shekarun 1960.

Wannan ya bayyana dalilin da ya sa sunansa bai shiga littattafan makaranta yadda ya kamata ba. Ya rayu nesa da Kano da Zariya, inda aka gina adabin boko. Ya yi rubutu da ajami a daidai lokacin da gwamnatin mulkin mallaka ta zaɓi boko. Abin da aka buga nasa kuma ya fito ne da Jamusanci da Ingilishi da harshen Poland, a mujallun da ba su isa hannun Hausawa ba. Ko garin da ya zauna bai tsira ba, domin bayan kammala madatsar ruwa ta Akosombo a 1965 tafkin Volta ya cinye tsohuwar Kete-Krachi, aka mayar da mutanenta sabon wuri.

9.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa tarihin zuben Hausa yana da rassa biyu: na boko, wanda ya bunƙasa daga shekarun 1930, da na ajami, wanda ya girme shi. Alhaji Umaru shi ne mafi yawan rubutu da aka sani a reshe na biyu. Rayuwarsa ta kuma nuna cewa adabin Hausa bai tsaya a iyakar Nijeriya da Nijar ba, ya bi ayarin goro har bakin Volta, ya yi 'ya'ya a can. Aikin da ya rage shi ne a mayar da zubensa cikin daidaitaccen boko, da sharhi cikin Hausa, a ajiye hoton ajamin a gefe, domin ɗalibai su karanta shi cikin harshen da ya rubuta shi. Wannan aiki yana bukatar mutanen da suka iya boko da ajami duka biyu, kuma daga cikin ɗaliban sassan harsunan Afirka ne ake sa ran samun su.